Alhamis, Ranar Kama Baki

Talata, 2 ga Satumba

Maƙogwaro kamar na haɗiyi yashi. Ina shigowa mai ɗakina ta dire mini shayi da zuma da citta, ta ce, "Lasifika ya dawo." Sunan da yaran ƙungiya suka laƙaba mini ke nan, ga shi har ya biyo ni gida. Ni ban ga laifina ba. Yini nake a sito ina fama da masu lodi cikin rurin manyan motoci, yamma ta yi in tafi filin zari-ruga in zama mataimakin koci. In ban ɗaga murya ba wa zai ji ni?

Yau shugaban ƙungiya ya zo da labari mara daɗi. Wasa uku suka rage mana, kuma sai mun ci biyu za mu tsira daga faɗawa rukunin ƙasa. In muka faɗa, masana'antar da ke ba mu aron fili za ta karɓe abinta ta mai da shi wurin ajiye motoci. Filin da na bar rabin gwiwata a cikinsa.

Kowa ya yi tsuru-tsuru. Baba koci kuwa ya gama saurare, ya ce a kawo masa kofin ruwa. Na ɗauka sha zai yi. Ashe a gadon bayan Tanki zai ɗora. Tanki shi ne kyaftin, mai walda ne, kuma shi ke sahun gaba in mutum takwas sun sunkuya sun haɗa kafaɗa don turereniya. Baba ya ce a tura injin atisaye, kuma kada ruwan ya zube. Tanki ya sha wanka har ya gaji. Amma da bayansa ya miƙe sambal, gwiwoyi suka sauka, sai ga injin nan da muka haɗa da tsofaffin tayoyi yana tafiya sumul a kan ciyawa. Baba ya ce, "Ƙarfin yana nan tun ɗazu, hanya ce ba ku ba shi ba."

Tsohon nan dai. Ni da na yi shekaru ina turereniya da wuyana, ban taɓa tunanin kofi ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Ranar kama baki. Ban taɓa sonta ba, kuma ba yau zan fara ba.

Dokar Baba ce, ranar Alhamis koci ba ya magana. Zai busa usur a fara, ya buɗe 'yar kujerarsa ta naɗewa a bakin fili ya zauna, ni ma ya nuna mini benci. Yaran su za su raba kansu gida biyu, su kai hari, su tsare gida, su gyara kuskurensu da bakinsu. A makarantar kurame ya koyar har ya yi ritaya, can ya samo wannan hali. Yakan ce yaran da ya fara koya wa wasan nan ba su taɓa jin muryarsa ba, kuma har yau bai sake samun masu kallon fili kamarsu ba.

Na hango rami a layin tsaro wanda tirela za ta wuce ta ciki. Na buɗe baki, Baba ya miƙo mini ɓaren lemo ko dubana bai yi ba. Na tauna. Kafin in haɗiye, Dogo, wanda muke ɗagawa sama ya cafe ƙwallo, ya ga ramin, ya jawo na kusa da shi ya toshe. Sa'a ce kawai.

Juma'a, 5 ga Satumba

'Yata ta tambaye ni me ya sa a wasanmu sai an jefa ƙwallo baya kafin a ci gaba. Na ce ta tambayi Baba, ni ma haka na tarar.

Asabar, 6 ga Satumba

Mun ci. Saura ɗaya cikin biyu.

Na yi ihu daga farko har ƙarshe, har alƙalin gefe ya ce in tausaya wa kunnensa. Baba yana kan kujerarsa yana ɓare lemo kamar wanda ya zo shan iska. A hutun rabin lokaci abu ɗaya ya faɗa: masu lamba goma sha biyu da sha uku na abokan karawarmu ba sa tasowa tare, a bi ta tsakaninsu. Aka bi, aka dire ƙwallo a bayan layinsu aka ci maki har sau biyu. Ni ina ta kallon turereniya ban ko lura da su ba.

A hanya na ce masa, "Baba, yaya kake iya zama haka alhali fili na hannun Allah?" Ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ban koya musu Talata ba, ihu ba zai koya musu Asabar ba."

Auta ya yi wasa mai kyau. Ƙanena ne, shi ke sa lamba goma, wato shi ke zaɓar ko a miƙa, ko a buga, ko a kutsa. Duk ƙwallon da za ta zo hannunsa sai ya fara waiwayo ni, in gaya masa abin yi. Ina jin daɗin wannan, ba zan ɓoye wa takarda ba. Tun rasuwar mahaifinmu a hannuna ya tashi, ni na saya masa takalmin wasa na farko.

Talata, 9 ga Satumba

Darasin hari. Biyu a kan ɗaya. Baba ya tsaya da kansa a matsayin mai tsaro, da ɗingishinsa da komai, ya ce Auta ya taho da ƙwallo.

"Kada ka dubi fuskata, fuska maƙaryaciya ce. Dubi ƙuguna. In ka ga ya juyo wajenka kuma dugadugaina sun kafe, na shiga hannu, sai ka miƙa."

Auta ya riƙa miƙawa da wuri, Baba yana sulalewa ya tare na biyun yana dariya. Tsoho mai ciwon ƙugu yana wasa da matasa kamar kyanwa da ɓera. Can dai yaron ya gane. Ya nufi kafaɗar ciki, ya jira, ya jira har na ce ya makara, sannan ya saki. Baba ya tsaya hannu wofi. Bai ce madalla ba, shafa kan yaron kawai ya yi ya wuce, amma na ga yadda Auta ya ƙara tsawo.

Muna kwashe kaya Baba ya ce mini, "Ƙanen nan naka yana da ido. Sai dai ɗaya yana fili, ɗaya yana wajenka." Na ce ai biyayya ce. Ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da naɗe igiya. Na san hannunka mai sanda in na gan shi, amma na yi kamar ban gani ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ya kawo igiyar shanya. Masu tsaro suka jeru kowa ya kama da hannu biyu, su taso tare, su koma tare. Wanda ya yi gaggawa igiya ta ja shi, wanda ya yi lalaci ta finciko shi. Ba wanda ya ce uffan daga benci, igiya ce ta yi duk faɗan da zan yi.

Bayan an tashi ya tara mu. Likitoci sun ba shi gado, ranar Litinin za a yi masa aikin ƙugu, kuma ba zai taka fili ba sai bayan an gama kakar wasa. Ya ciro usur daga wuyansa ya rataya mini. Ya miƙo mini kujerar kuma.

Na karɓi usur. Kujerar na jingine ta a ɗakin kaya, bayan buhunan ƙwallo. Ni ba mai zama ba ne.



Alhamis, 18 ga Satumba

Na soke kama baki. Jibi wasa, ba lokacin zuba ido ba ne. Na tsaya a tsakiyar fili na gyara komai da bakina: inda kowa zai tsaya, yadda za a sa kunci a cinyar mutum in za a kayar da shi, kai a baya ba a gaba ba, a rungume kamar buhu. Atisaye bai taɓa tafiya daidai haka ba. Ba kuskure ko ɗaya.

Tanki ya ce, "Yau ba Alhamis ba ce?" Na ce kalanda ta canza.

Asabar, 20 ga Satumba

An ci mu.

Lahadi, 21 ga Satumba

Jiya ban iya rubutawa ba. Bari in rubuta yadda ya faru, ko zai sauka daga ƙirjina.

Muna gaba da maki kaɗan, wasa ya kusa ƙarewa. Ƙwallo ta fito daga turereniya ta zo hannun Auta. Na ga ya gyara jiki zai buga ta can kusurwa, a cinye lokaci. Ni kuma daga gefe na hango ɗan wasanmu na bakin fili shi kaɗai, fili fetal a gabansa. Na ce, "Waje, Auta, waje." Duk unguwar ta ji. Ya fasa bugu ya wurga doguwa. Wani nasu da ke laɓe bayan alƙalin wasa ya fito kamar daga ƙasa, ya cafe, ya sheƙa har ƙarƙashin sanduna ya dire, suka wuce mu.

Yau Auta ya zo cin abinci kamar kowace Lahadi. Ya zauna a ƙarshen tebur yana juya cokali. Mai ɗakina ta yi ta ƙara masa nama yana ture shi gefe. Na fara ba shi baki, cewa kowa na kuskure. Ya ɗago ya ce, "Yaya, na fa ga mutumin. Na gan shi sarai. Amma na ji muryarka."

Bai faɗa da fushi ba. Da ma da fushi ya faɗa.

Da ya tafi, mai ɗakina tana goge tebur ta ce, "Shayin naka zai huce." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma na gode mata.

Talata, 23 ga Satumba

Na biya asibiti kafin atisaye. Ɗaki mai gado huɗu, nasa na bakin taga, sandunan tafiya a jingine. Ya rame. Na shirya shan faɗa, har na tanadi amsoshi a mota. Abin da ya fara tambaya shi ne ko ƙafar hagun Tanki ta daina zamewa a turereniya.

Na gaya masa komai. Ya jawo teburin cin abinci, ya jera kwalaben magani da kofi da murfin biro. Ya ce in sunkuya in kalle su ta gefe. Na kalla. Ya ce, "Ina murfin?" Kofi ya tare shi. Ya ce in zagayo ta ƙafar gado in kalla ta gaba. Ga murfi nan a fili.

"Kai ta gefe kake ganin wasa, shi ta gaba. Ba ka yi ƙarya ba, abin da ka gani ka faɗa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Sannan ya ba ni labarin shekararsa ta farko da kuramen yaran. Ya ce ya yi wata guda yana tsalle a bakin fili yana kaɗa hannu kamar mai korar tsuntsaye, duk yaron da ya juyo ya kalle shi sai a kwashe masa ƙafa. Ranar da ya gaji ya zauna, ranar suka fara kallon juna. Ya yi dariya har ɗinkin ya motsa, nas ta leƙo ta harare ni kamar ni na jawo.

Mutum yana kwance da ƙarfe a ƙugu, da kwalaben magani ya koya mini abin da na yi shekaru ina kallo ban gani ba. Ban san irinsa ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na ɗauko kujerar. Don maƙogwarona ne, mai ɗakina ta ce zumar ta kusa ƙarewa.

Azaba. Rabin sa'ar farko kamar kasuwa ta watse. Ƙwallo na faɗuwa, layi na karkacewa, kowa na waiwayo ni. Auta ya fi kowa. Na kafa ido a kan takalmina. Ban kawo lemo ba, sai na ciji igiyar usur har ta jiƙe.

Can na ji wata murya da ban saba ji ba. Dogo ne, wanda in ka gaishe shi da kai yake amsawa, yana tsara layi: kai matso, kai koma. Tanki ya je da kansa ya ɗauko igiyar shanya. Daga baya suka koma jifan layi, inda ake jeruwa sahu biyu a jefo ƙwallo daga gefe. Alamarmu tun farkon kaka ita ce in Dogo ya ja safarsa, shi za a ɗaga. Yau na ga Auta ya tara su sun haɗa kai suna ƙus-ƙus. Dogo ya ja safa, aka yi kamar za a ɗaga shi, sai aka jefa wa Tanki a gaba, ƙwallo ta doki ƙirjinsa ta faɗi. Suka fashe da dariya. Suka sake, ta sake faɗuwa. Tanki hannunsa na riƙe ƙarfe ne, ba na cafe ƙwallo ba.

Shirme. Na so in ce su daina ɓata lokaci. Alhamis ce.

Talata, 30 ga Satumba

Yau na yi magana, ranar magana ce. Amma na gwada irin ta Baba, in faɗi abu ɗaya in bar shi ya zauna. Da wuya. Kamar mai ƙaiƙayi an ɗaure masa hannu.

A sito ma wani mai lodi ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Tanki ya cafe. Sau da yawa ma. Auta ya waiwayo ni sau ɗaya, na nuna masa fili da haɓa.

Asabar, 4 ga Oktoba



Iska tun safe, tana kaɗawa daga ɓangaren masana'anta, tutocin kusurwa a kwance. Na buɗe kujerar Baba a inda yake buɗe ta, na zauna da ledar lemo. Alƙalin gefe ya dube ni ya ce, "Yau lafiya?" Na ce lafiya lau.

Sun fi mu nauyi, amma turereniyarmu ba ta ja da baya ko taku ɗaya ba. Bayan Tanki a miƙe, da ka ɗora kofi ba zai zube ba. Layin tsaro yana tasowa tare kamar igiyar tana hannunsu. A hutu na faɗi abu ɗaya: mai tsaron bayansu yana tsoron ƙwallon sama, a gwada shi. Na rufe baki. Sun tsaya suna jiran sauran, na ce shi ke nan.

Saura kaɗan a tashi, suna gabanmu da maki biyu. Alƙali ya ba mu fenariti, can gefe, da ɗan nisa. Bugu tsakanin sanduna maki uku ne, mu ci da ɗaya. Ni abin da zan ce ke nan, a buga, kada a yi wasa da fili. Maganar ta taho har bakin haƙorana. Na cusa ɓaren lemo, na damƙe hannun kujera, na shirya. Na ce in ya waiwayo zan sunkuyar da kai, ko zuciyata za ta fashe ba zan ce komai ba. Har na fara jin kaina wani gwarzo.

Bai waiwayo ba.

Ya tsugunna ya tsinki ciyawa ya watsa sama, ya ga yadda iska ta kwashe ta. Ya faɗa wa Tanki wata magana, Tanki ya gyaɗa kai. Ya buga ƙwallo waje dab da kusurwarsu, tunda fenariti ne, jifan layi namu ne. Aka jeru. Dogo ya sunkuya ya ja safa. Su ma sun san alamar, duk kaka suna gani, suka taru a kansa suka ɗaga dogonsu. Ƙwallo ta tafi gajeriya, ta faɗa ƙirjin Tanki, ya rungume ta kamar jariri. Sauran suka dunƙule a bayansa, baya a miƙe, gwiwa ƙasa, suka tura. Taku, taku, taku. Na ga layi ya wuce ƙarƙashin ƙafafunsu, Tanki ya kife a kan ƙwallo, hannun alƙali ya tashi sama, maki biyar.

Ban san lokacin da lemon ya matse a hannuna ba, duk wandona ya jiƙe.

Fili ya tsira. Shugaban ƙungiya yana kuka yana rungumar kowa har da mai sayar da ruwa. Auta ya zo daga ƙarshe, laka har gira. Ya ce, "Yaya, iskar ba za ta bar bugun ya shiga ba." Na ce na gani. Ban gani ba. Inda nake zaune bango ya tare mini iskar.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Na kai wa Baba kujerarsa asibiti. Labari ya riga ni, yaran sun cika masa waya. Yana zaune a bakin gado yana koyon tsayuwa da sanduna.

Ya ce, "Me ka gaya musu a fenaritin nan?"

Na ce ba wanda ya tambaye ni.

Ya dube ni ya ce, "Ya yi zafi ko?"

Na ce kaɗan.

Ya ce, "Kai ma akwai ranar da ka daina waiwayo ni, lokacin kana wasa. Kai ba za ka tuna ba. Na koma gida ranar ban iya cin abinci ba, ga shi kuma ina ta murmushi, har matata ta ce ko an yi mini wani abu." Ya tura kujerar da sanda ta dawo wajena. Wai likita ya hana shi zama ƙasa-ƙasa. Ban sani ba ko gaskiya ne.

Auta ya zo cin abinci, ya yi ƙari sau biyu, ya yi ta surutu yana jera cokula yana nuna wa 'yata yadda aka yi. Ban san yaron nan yana da magana haka ba. Na bar shi ya gama, ko da ya sa Dogo a inda ba nan ya tsaya ba.

Mai ɗakina ta ɗauko kwalbar zuma, ta dube ni, ta mai da ita kabad. Ta ce, "An sace mini Lasifika, an kawo mini wani." Na ce ba wani abu ba ne, jiya iska ce ta yi yawa, ko na yi ihu ba za su ji ba.

Kujerar tana bayan mota. A hanyar dawowa na tsaya na sayi lemo, na Alhamis.